Karya-Gwiwa

A wasan kwaikwayon da na rubuta wa 'yan makarantarmu akwai wani birnin matsafa, kuma sojojin azzalumin sarkin garin suna da wata giya mai arha, ƙoƙo guda wuri biyu, sunanta Karya-gwiwa. A takarda ba ta ba ni wahala ba. Baƙa ce mai ja-ja, tana kumfa, wanda ya sha ƙoƙo uku sai a kai shi gida a kan jaki. Da aka zo maganar abin da yara za su riƙe a dandali, hedimasta ya ce, "Malam, kai ka ƙirƙiro ta, kai za ka kawo ta. Amma fa ta halal."

Mu nan ƙasar Gumel zoɓo ba abin nema ba ne. Ranar Alhamis na shiga kasuwar Maigatari na auno rabin kwano, na haɗo da citta, kanumfari, masoro, tsamiya dunƙule biyu da mazarƙwaila guda 6. Juma'a da la'asar na tafasa zoɓon da kayan ƙamshin a ruwa lita 20, na jefa ɗan gutsuren kanwa. Kanwa tana kashe tsami, tana kuma mayar da jan zoɓo ya yi duhu, to launin nan da nake so ke nan. Har nan ban yi laifi ba.

Inda na kwafsa shi ne bayan ya huce. Na jiƙa tsamiyar a ruwan sanyi na tace a ciki, na daka dabino na zuba, wai don ya yi kauri. Tafasa tana kashe ƙwayoyin da ke sa abu ya ruɓe, ni kuma na sake gayyato su da hannuna, don a jikin ɗanyen dabino da tsamiya suke zaune. Ga mazarƙwaila na ba su abinci. Sannan na ɗura a jarka mai ruwan ɗorawa, na shimfiɗa leda a bakin, na murɗa murfin iya ƙarfina, na kai ɗakin ajiyar makaranta mai rufin kwano. Watan Afrilu fa, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Maiɗakina ta ce, "Malam, zoɓo ba ya kwana sai da ƙanƙara." Na ce mata wannan ba zoɓo ba ne, adabi ne.

Litinin ranar gwaji, an gayyato mai unguwa da liman su duba ko akwai abin da bai dace ba. Na je ɗauko jarka na tarar ta yi tim kamar akuyar da ta ci ɗanyen wake, gindinta ya tasa har ba ta iya tsayuwa. Mai hankali zai fitar da ita bayan gari, ya sassauta murfin kaɗan-kaɗan iskar ta fice. Ni kuwa na ɗora ta a kan keke, na bi hanyar gargada ina jijjiga ta, na dire ta gaban manya.

Murɗa ɗaya na yi. Murfin ya bar hannuna ya daki kwanon rufi, ƙarar kamar bindigar toka. Kumfa ta yi tsiri ta sauka a kan farar shaddar liman, tun daga rawani har zuwa aljihu. Sai wari ya biyo baya, tsami-tsami mai hawa kai, irin wanda ba wanda ya yarda ya san shi amma kowa ya gane. Mai unguwa ya toshe hanci yana salati. Yaron da ke fitowa a matsayin sarkin yaƙi ya jefar da takobin kara ya fita ta taga.

Liman ya daɗe yana kallon rigarsa, sannan ya ce, "Malam, a labarin naka su wa ke shan wannan abin?"

Na ce, "Allah gafarta malam, sojojin azzalumin sarki ne."

Ya ce, "To ni a wace runduna ka sa ni?"

An haƙa rami an binne sauran. Ranar wasa da ruwan shayi aka yi Karya-gwiwa, ba wanda ya lura. Shaddar kuwa an yi mata wanki uku jan bai fita ba, dole na sayi yadi 10 sabo, kuɗin ɗinki ma a kaina.