Kwabo Ɗaya a Mako: Nasiha ga Masu Neman Kuɗin Ginin Majami'a

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Da wuya ka zaga ikilisiyoyinmu ba ka tarar da ginin da ya tsaya ba. Bulo ya kai kan tagogi, rodi na ta tsatsa, ciyawa ta fito a inda bagade zai zauna. Kowace shekara sai a sa ranar gidauniya, a gayyato manyan baƙi, a zaunar da su a kujerun gaba, mai sanarwa ya riƙe lasifika yana kiran suna da adadi. Wane ya ɗauki buhun siminti ɗari! A yi tafi, mawaƙa su tashi. Bayan wata shida ma'aji na ta buga waya, ba a ɗagawa. Ita kuwa gwauruwar da ta ƙulle 'yar naira ɗari biyu a bakin zane, ta koma gida da abinta, kunya ta hana ta fita gaba.

Ku saurari yadda wani bawan Allah ya yi da nasa bashin gini.

A watan Mayu na 1739, John Wesley, wanda ta hannunsa ɗarikar Methodist ta kafu, ya aza harsashin wani ɗakin taro a birnin Bristol na ƙasar Ingila. Ana kiransa New Room, yana nan har yau, kuma shi ne ginin Methodist mafi tsufa a duniya. Yawancin masu sauraron wa'azinsa talakawa ne masu cin guminsu, don haka ginin ya tashi da bashi, bashin kuma ya dawo wuyan Wesley. Shi da kansa ya rubuta cewa ba shi da kuɗin, ba ya ma hangen ta inda za su fito, abin da ya sani kawai shi ne duniya da dukan abin da ke cikinta na Ubangiji ne.

Bangaskiya ce, amma masu bin bashi ba su daina jira ba. A watan Fabrairu na 1742 aka zauna shawara a kan yadda za a biya. Sai wani mai suna Kyaftin Foy ya miƙe ya ce kowane ɗan ƙungiya ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako har a gama. Aka ce masa ai da yawa cikinsu ko kwabon ba za su iya ba. Ya ce to, a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya daga cikin mafi talauci, zai riƙa zuwa wurinsu kowane mako. Wanda ya samu ya bayar, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Kwabo goma sha biyu ke nan a mako har da nasa, wato sule guda a kuɗin Ingila na lokacin, idan duk suka kasa. Waɗansu suka ce su ma za su yi haka. Aka rarraba jama'a sha biyu-sha biyu, kowane rukuni da jagoransa.

Ku lura, ba wanda aka kira sunansa a gaban taro. Foy bai ce a cire matalauta daga lissafi ba, bai kuma ce a matsa musu ba. Ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin kayansu, ya bar musu mutuncinsu. Da yayyafi kogi kan cika, haka aka yi ta rage bashin.

Amma abin da ya fi taɓa ni ya zo ne daga baya. Masu karɓar kwabon nan da suka fara shiga gida-gida, sai suka riƙa ganin abin da ba a gani daga kan mumbari: wannan yana kwance ba lafiya, wancan ya koma wa kwalba, waɗancan suna gaba da juna. Suka kawo wa Wesley labari. Nan take ya gane cewa abin da ya daɗe yana nema ke nan, wato hanyar kiwon kowace tunkiya da sunanta. Daga nan aka sami ajujuwan zumunci na mako-mako, inda ake tambayar kowa lafiyar ruhunsa, a tsawata wa mai kuskure, a ƙarfafa mai rauni, a yi addu'a tare. An fita neman kuɗin bango, Allah ya ba da makiyaya. Mu kuwa sau nawa kwamitin gini ya san lambar wayar mai alkawarin siminti, bai san ɗakin da gwauruwa take kwana yana yoyo ba?

Sai ku shugabanni, ku yi haƙuri da ni. Wesley bai roƙi abin da shi bai fara bayarwa ba. Littattafansa sun kawo kuɗi masu yawa, bai tara su ba. A 1776 jami'an haraji suka rubuto masa, suna zaton mutum mai suna kamarsa ba zai rasa kayan azurfa a gida ba. Ya amsa cewa yana da cokulan azurfa biyu a Landan, biyu a Bristol, kuma ba zai ƙara saye ba muddin na kewaye da shi suna rasa abinci. Babbar majami'arsa ta City Road a Landan an buɗe ta a 1778, amma hakan bai sa ya ɗauke ido daga matalauta ba. A watan Janairu na 1785, yana da shekara 81, ya yi kwanaki yana taka titunan Landan cikin ƙanƙara mai narkewa, yana roƙo, har ya tara fam 200 don a saya wa matalauta tufafi. Wanda jama'a suka ga haka daga gare shi, in ya ce a kawo kwabo, ba sai ya yi barazana da la'ana ba. Bulus ya riga ya faɗa a 2 Korantiyawa 9:7, kowa ya bayar yadda ya yi niyya a ransa, ba da ɓacin rai ko tilas ba.

Ban ce a daina gayyatar masu hali ba, Allah ya ƙara musu. Sai dai kafin gidauniya ta gaba, dattawa da 'yan kwamiti, ku ɗauko littafin sunayen 'yan ikilisiya. Kowannenku ya zaɓi gida goma sha ɗaya, ya fara da waɗanda ya san ba su da shi. Ku je da ƙafarku, ku zauna a tabarmarsu, ku tambayi lafiyar yara da ta ruhu kafin maganar kuɗi. In suka miƙo naira hamsin, ku karɓa da hannu biyu ku rubuta. In babu, ku cike daga aljihunku, kada ma'aji ma ya san na wa kuka cike.