Minti arba'in ɗin nan na takarda ne kawai

Tun jiya raina a ɓace yake, saboda abin da ya sami ƙanena da ya bi jirgin sama zuwa taro a wani gari. Taron ƙarfe huɗu na yamma, shi kuwa bai sauka ba sai bayan isha'i, kowa ya watse. Duk saboda wani ya buɗe waya ya ce masa, "Ai minti arba'in ne a jirgi, me zai kai ka wahalar mota?"

Minti arba'in daga ina zuwa ina? Lissafin da ake nuna muku tsakanin ƙananan filayen jirgi biyu layi ne miƙaƙƙe, kamar ka ɗaura zare a kan ƙwallo. Aka ce kilomita 300, aka raba da gudun jirgi mai farfela irin ATR 72, wanda ke yin wajen kilomita 500 a awa, shi ke nan an samu amsa. Amma ba wanda ya tsaya ya yi tambaya ɗaya: akwai jirgin da ke tashi daga nan ya sauka can? Galibi babu! Ƙananan filaye da babban fili suke hulɗa, ba da junansu ba. Sai an kwashe ka zuwa babban birni, ka zauna kan kujerar ƙarfe awa uku kana kallon allo, sannan a dawo da kai kusa da inda ka baro. Ƙanena da idonsa ya hango garin da zai je ta taga, jirgin ya wuce da shi.

Na san za a ce hanyar mota ma ai ta fi layin nan tsawo. Wa ya musa? Titi yana kewaye dutse, yana neman gada, kilomita 300 na iya komawa 400. To, sai me? Awa biyar ce, daga ƙofarka zuwa ƙofar da ka nufa. Jirgin fa? Zuwa fili, isa da wuri, layin bincike, jiran jaka, neman abin hawa a ɗaya ɓangaren. Duk wannan ba ya cikin minti arba'in ɗin.

Masu cewa jirgi ya fi aminci, gaskiyarku, ban ja ba. Sai dai ba a kan aminci aka yaudari yaron nan ba, a kan lokaci ne.

Wani ma ko awon bai bambance ba. Mil na matuƙa jirgi mita 1,852 ne, mil na titi mita 1,609, amma sai ka ji an gwama su ana musu da ƙarfi. Don Allah, kafin ka ba mutum shawara, duba jadawalin tashi, ba taswira ba. Abin ya yi mini ciwo ne don na ga yadda ya shirya wa taron nan makonni.

Inda ƙaramin jirgi ya dace kuwa, akwai shi. A tsibiran Orkney na Scotland, kamfanin Loganair na ɗaukar fasinja daga Westray zuwa Papa Westray, kilomita 2.7 kacal, ƙasa da minti biyu a sama, domin teku ce a tsakani, babu titi. Jirgin na mutum takwas ne, kana zaune kana ganin hannun matuƙi. Wallahi ina son in hau shi ko sau ɗaya kafin in tsufa.