Kafin ka ce yana da kyau, me ka gani?

A watan jiya makarantar 'yata ta nemi iyaye biyu su raka ɗalibai zuwa gidan zane-zane na National Gallery da ke nan Landan. Ba ni da aiki ranar, sai na bi su. Na ɗauka za a yi ta zagaye da yaran ɗaki-ɗaki har ƙafa ta gaji, a ɗau hoto a dawo. Ashe gaban zane ɗaya tak malamar za ta tsayar da su, 'yan shekara 14 da 15, ta ce kowa ya yi shiru ya kalla.

Zanen Jan van Eyck ne na 1434, wanda ake kira hoton Arnolfini: wani attajiri da mace cikin koriyar riga, suna tsaye a ɗaki. Tsawonsa bai kai mita ɗaya ba. Malamar ba ta faɗi sunan mai zanen ba balle shekara. Cewa kawai ta yi, me ke faruwa a nan? Wani yaro ya yi caraf ya ce matar juna biyu gare ta. Ta ce, "Me ka gani da ya sa ka faɗi haka?" Ya yi inda-inda. Wata ta ce ai rigar ce ta tattare da hannu a kan cikinta. Daga nan abubuwa suka riƙa fitowa kamar ana tonon gyaɗa: ɗan kare a ƙasa, takalman katako a gefe, lemo a gindin taga, kyandir guda ɗaya da ke ci, carbi rataye a bango. Sai da aka kusa minti 20 wani ya lura cewa a cikin madubin da ke bayansu akwai wasu mutum biyu a bakin ƙofa. Ni da furfurata ban gan su ba.

Wannan salon tambaya wasu masana harkar koyarwa biyu, Abigail Housen da Philip Yenawine, ne suka tsara shi a Amurka. Wani bincike da aka wallafa a 2001 ya nuna masu ziyarar gidan tarihi na Metropolitan a New York daƙiƙa 27 kacal suke yi a gaban zane, a matsakaicin lissafi. Ke nan su ma kallon koyonsa suke yi.

Na tuna tamu sakandaren. Darasin zane shi ne malam ya cika allo da ma'anar kalmomi da Turanci, mu kwafa, mu haddace. In an yi sa'a a ɗora bokiti kan tebur a ce a zana. Ban taɓa jin an ce mu faɗi abin da idonmu ya gani ba, kuma wanda ya yi tambaya iyayi ne.

Amma ba zan yarda a ce Bahaushe bai iya kallo ba. Na sha bin mahaifina kasuwar Kurmi sayen babbar riga. Sai ya baza ta, ya ƙirga askakin, ya shafa tambarin, ya juya cikinta ya duba bayan ɗinkin, sannan ya ce wa mai kaya, "Malam, wannan aikin keke ne, kada ka yi mini kuɗin na hannu." Hujjarsa a bakinsa take. Haka mace mai zaɓen atamfa, haka dillalin shanu a kara. Idon yana nan a kasuwa, ƙofar aji ce aka hana shi shiga.

Kuma ba sai an kawo zanen Turai ba, balle a tsaya gardamar hoton mai rai. Ɗalibin Kano yana da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Na Zariya yana da bakan gizon tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Wanda ke ƙauye yana da zanen ƙwarya, da hula, da dagi a goshin zaure. Ko takardar naira 20 ta isa darasi, ga Ladi Kwali da tukunyarta a baya.

Abu guda bai kwanta mini ba a salon nan. Malamar ba ta taɓa ce wa yaro ya yi kuskure, kowace amsa sai ta gyaɗa kai. Mahaifina da zai ce, sake dubawa. Ni ina tare da shi.

Da muka dawo gida na ciro rigata ta Sallah na shimfiɗa a kan gado. 'Yata ta ƙirga askakin ta samu takwas, ta ce amma ɗaya ta ɗan karkace, don haka mutum ne ya ɗinka ba inji ba. Shekara 11 ina sa rigar nan.