Zakin dutse fa ba zaki bane

Jama'a duk sanda aka saka bidiyon zakin dutse na Amurka, wato puma, sai kaji ana cewa ai macen zaki ce ta ɓata ta hau dutse. Ba haka bane, dabba ce daban, har namijin bashi da geza, kuma a wajen zumunci ya fi kusa da cita (cheetah, dabbar nan mai tsananin gudu) da kyanwar gida akan zakin Afirka.

Baya iya ruri sam, maƙogwaronsa ba irin na zaki bane, gurnanin jin daɗi yake kamar mage, macen kuma lokacin barbara tana wani ihu mai tada hankali kamar mutum na neman agaji. Sannan zaki a garke yake rayuwa, shi kuwa wannan yawanci shi kaɗai yake yawonsa, cikin dare ko da asuba zai laɓe ya dira kan barewa ta baya ya kama wuya, ya ci abinda zai ci ya ja sauran ya rufe da ganye da ƙasa, yayi ta dawowa yana ci har kwanaki. 'Ya'yansa ma da ɗigo-ɗigo ake haifarsu, sai sun girma yake gogewa.

Kuma ba dutse kaɗai yake zama ba, tun daga Yukon a Kanada har kudancin Chile akwai shi, a daji da hamada da fadamun Florida. Masu cewa mutane yake farauta basu masa adalci ba gaskiya, gudun mutum yake, harin na faruwa amma da wuya sosai. Akwai wanda ake kira P-22, kusan shekara 10 yayi a Griffith Park, wani babban wurin shaƙatawa mai daji cikin birnin Los Angeles, har ya mutu a 2022, ba'a taɓa samunsa da kashe mutum ba.