Takalmin da ya kwantar da ni sati takwas kuma har yau shi nake sawa

Jama'a tunda na ɗora hoton gudun ranar Lahadi ake ta damuna da tambaya wai wane irin takalmi ne wannan kamar safa, wani abokina ma cewa ya yi ko talauci ne ya kai ni haka mu haɗa maka kuɗin kambas. To bari in yi bayani sau ɗaya in huta.

Takalmi ne da aka yi wa masu son su yi gudu kamar ba takalmi a ƙafarsu. Ƙasansa siriri ne, nawa bai wuce milimita 6 ba, naɗe shi nake kamar tabarma in cusa a jaka, gabansa da faɗi yatsu su baje son ransu, kuma dunduniya da yatsu daidai suke ba tudu. Shi kuwa kambas ɗin gudu da muka saba tsinta a gwanjo yawanci dunduniyarsa ta fi gaba tudu da milimita 8 zuwa 12, ga soso an jibga.

Abin da ya kai ni gwiwa ce. Ni dai bayan asuba nake fita, daga Samaru in miƙe hanyar Shika in dawo, kuma duk ranar da na wuce kilomita 15 sai gwiwar dama ta fara min magana, na canja kambas ya kai sau uku ba ta daina ba. Ana haka na ci karo da labarin Abebe Bikila ɗan Habasha wanda ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi, kilomita 42 da ɗoriya cikin awa 2 da minti 15. Sannan ga binciken Daniel Lieberman na jami'ar Harvard da ya fito a 2010, har Kenya suka je suka auna masu gudu, suka ga waɗanda suka saba gudu ba takalmi yawanci da gaban ƙafa ko tsakiyarta suke sauka, mu 'yan soso kuma dunduniya muke bugawa a ƙasa, kuma wancan saukar ta fi rage girgizar da ke dukan jiki lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa. Na ce shi ke nan na samo maganin gwiwata.

Nan ne girman kai ya shigo. Duk inda ka duba cewa ake a fara da kaɗan, minti goma, kilomita ɗaya. Na ce wannan ai Turawa ake wa magana, ni da na tashi a ƙauye, ƙwallon tsumma ba takalmi, kiwon awaki ba takalmi, tsidau ya soke ka ka tsaya da ƙafa ɗaya ka cire ka wuce. Na manta cewa wancan yaron ya yi shekara ashirin da wani abu cikin sau-ciki da kambas yana zaune a ofis. Ranar farko kilomita 12 na yi, kuma wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji ba, kana jin ƙasa, kana jin kowace tsakuwa, jiki sakayau. Washegari da na sauko daga gado sha-raɓata kamar an zuba siminti, sallar asuba da ƙyar na yi zaman tahiya. Maiɗakina ta kalle ni ina dafa bango ta ce Baban Ummi kai da kuɗinka ka sayo wa kanka ciwo? Na ce mata sabo ne zai wuce.

Na ci gaba da taurin kai. A sati na biyar sai wani ciwo ya fito a saman ƙafar hagu wajen bayan yatsa na biyu, wuri ɗaya tak, in ka danna kamar an soka allura. Hoton farko a asibiti bai nuna komai ba, sai da aka sake bayan sati uku likita ya nuna min inda ƙashin ya tsage. Ba faɗuwa na yi ba, ba tuntuɓe ba, nauyi ne kawai na ɗora wa siraran ƙasusuwan nan kullum kafin su yi ƙwarin ɗauka. Ƙafa ɗaya ƙashi 26 gare ta, ni ɗaya ne ya tsage amma sati takwas na yi ina kallon masu gudu ta taga.

A kwancen nan na gane ba ni kaɗai na haɗiyi tallan ba. Kamfanin Vibram masu takalmi mai yatsu biyar, a 2014 sai da suka yarda su biya dala miliyan 3.75 a Amurka don a kashe ƙarar da aka kai su kan iƙirarin da suka yi cewa takalmin yana ƙarfafa ƙafa yana rage rauni. Nawa ba nasu ba ne, amma irin wannan zancen ne ya ja ni.

Da na warke sai na koma kamar ɗan koyo. Wata guda tafiya kawai nake da shi, kasuwa, masallaci. Daga nan in yi guduna da kambas, in an kusa gamawa in canja in yi kilomita ɗaya a filin ƙwallo mai ƙasa. Kullum da dare ina bakin matakala ina ɗaga dunduniya ina saukewa, yara na min dariya. Sai da na kusa shekara kafin na yi kilomita 21 da shi lafiya. Takuna ya gajarce, ya ƙaru da yawa, kuma na daina wannan fam fam ɗin da ake jiyo ni tun daga nesa, don in ka buga dunduniya da wannan takalmin nan take kwalta za ta rama. Gwiwa ta yi shiru gaskiya. Amma kar wani ya ce nauyin ɓacewa ya yi, ƙaura ya yi daga gwiwa ya koma agara da sha-raɓa, yanzu su nake lallashi. Ƙafata ma ta ƙara faɗi, sau-cikin da na yi aure da shi ya daina shiga.

Sai kuma hanyoyinmu. Wanda ya ƙera takalmin nan bai san fasasshiyar kwalba da ƙusa a gefen titi ba, bai san kwaltar watan Afrilu ba wadda ƙarfe tara na safe ta isa ta gasa maka tafin ƙafa. Da hunturu in ba ka shafa mai ba faso zai buɗe. Tsidau ya taɓa huda shi sau biyu.

Inda nake rabuwa da masu tsananin son abun shi ne da suke cewa soso yaudara ce gaba ɗaya. Shi Bikilan da ake kafa hujja da shi, a Tokiyo a 1964 da takalmi ya sake ci, kuma ya fi na Rum sauri da wajen minti uku. Eliud Kipchoge da ya yi fanfalaki ƙasa da awa biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019, takalminsa tudun soso ne, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta zo ta sa doka a 2020 kar kaurin ya wuce milimita 40. Eh Lorena Ramírez 'yar ƙabilar Rarámuri ta Meziko ta ci gudun kilomita 50 a 2017 da takalmin sandal mai igiya, amma ita ai tun tana yarinya da shi take hawa duwatsu, ba ta taɓa yin hutun shekara ashirin irin nawa ba. Ni kaina in gudun ya wuce kilomita 30 kambas nake ɗaukowa, don ƙafar in ta gaji dunduniya take komawa bugawa ba ta shawara da ni.

Mai ciwon suga dan Allah kar ya gwada sai ya ga likita, wanda kuma kambas ɗinsa bai dame shi da komai ba ya riƙe abinsa. Shi kuma mai cewa talauci ne, kuɗin da na sa a wannan safar ya sayi kambas uku na gwanjo har da canji, ranar Lahadi ƙarfe shida ina bakin hanyar Shika in ka isa ka zo.