Addu'ar da muke yi a taken ƙasa, mun san me muke roƙo kuwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah a cikinmu mutum nawa ne suka san cewa taken Najeriya da ake rerawa yanzu da addu'a ya ƙare? Yaranmu a nan Bauchi kullum da safe suna layi a filin makaranta, ƙafa duk ƙura, suna ɗaga murya da shi, amma da yawa baitin farko kawai suka iya, shi ma da turanci, ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu me ke ciki.

Baiti uku ne. Na ukun kira yake ga Ubangijin dukkan halitta, ana cewa buƙata ɗaya tak muke da ita, Ya taimake mu mu gina ƙasar da ba a zaluntar kowa a cikinta, sannan Ya yi mata albarka da zaman lafiya da wadata.

Asalinsa kuma, da shi aka karɓi 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, lokacin ɗan garin nan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firaminista. Wata Baturiyar Ingila mazauniyar Najeriya, Lillian Jean Williams, ita ta rubuta baitocin, Frances Benda ta sa masa kiɗa. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta sauya shi da wani, sai ranar 29 ga Mayu 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu aka dawo da tsohon.

Na san wani zai ce toh ai ba musulma ba ce ta rubuta, ina ruwanmu. Ni kam ban ce taken ƙasa ibada ba ne, hukuncin kiɗan da ke tare da shi kuma na malamai ne. Amma abin da aka roƙa a wannan baitin namu ne tun kafin a san za a yi wata ƙasa Najeriya. Manzon Allah (SAW) tun yana matashi ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an a Makka, mutanen da ba su san musulunci ba suka yi alƙawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta har haƙƙinsa ya dawo, kuma bayan an aiko shi ya ce da za a kira shi zuwa irin wannan a musulunci da ya amsa. Ga hadisin ƙudusi na Abu Zarri a Sahihu Muslim, Allah Ya ce ya ku bayiNa, Na haramta wa kaiNa zalunci kuma Na sanya shi haram a tsakaninku, kada ku zalunci juna. Zaman lafiya da wadatan ma, ai su Annabi Ibrahim (AS) ya roƙa wa Makka a Suratul Baƙara aya ta 126, aminci tukuna sannan arziƙi.

Abin da ke damuna shine in an ce zalunci sai kowa ya ɗaga kai yana kallon Abuja da gidan gwamnati. Eh, shugabanni suna da nasu, kuma nauyinsu ya fi namu, za su tsaya gaban Allah. Amma mudun da aka bubbuga gindinsa ya loɓa ciki, a auna wa bazawara masara da shi ta koma gida tuwon bai kai yaranta ba, gwamna ne ya bubbuga shi? Suratul Muɗaffifina da bone ta fara a kan masu tauye awo. Lebura ya wuni yana kwaɓa siminti a rana, hannunsa duk ya tsage, magariba ta yi maigida ya ce dawo gobe, goben nan har wata uku, alhali a aljihunsa akwai kuɗin. 'Yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye ita ce farkon tashi ita ce ƙarshen kwanciya, ba boko ba islamiyya, yaran gidan kuma ana kai su a mota. Gonar marayu da baffa ya riƙe wai sai sun girma, sun girma har sun yi aure shiru kake ji. Mai mata biyu da ya jingine ɗaya. Wallahi duk waɗannan suna cikin abin da baitin nan yake roƙon a raba mu da shi, kuma kar mu manta cewa aka yi a taimake mu mu gina, ba a ce a gina mana ba.

Da Annabi (SAW) zai tura Mu'azu ɗan Jabal Yaman, cikin wasiyyarsa akwai ka ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah. Toh ka ga mu muna roƙon albarka da baki, ita kuwa bazawarar nan tana can cikin dare tana kuka tana cewa Allah Ya isa, ka gaya min wacce za ta riga isa?

Kuma haƙƙin mutum istigfari kaɗai ba ya goge shi, sai an mayar ko an nemi yafiya. In akwai na wani a hannunka, lambarsa tana cikin wayarka, ka kira shi yau kafin isha'i. Malaman firamare da na islamiyya kuma dan Allah ku ɗauki minti biyar ku bayyana wa yaran nan baiti na uku da Hausa, ku haɗa musu da hadisin Abu Zarri.