Wanda Ya Miƙa Makamin Ma Yana Da Nasa Kaso

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Daren jiya bayan Isha'i gardama ta kaure a majalisarmu a nan Gombe, kan ko ya kamata Amurka ta rage makaman da take ba Isra'ila. Kowa ya yi tir da Amurka. Amma wanda muryarsa ta fi ta kowa tashi, duk unguwa an san shi ne ya tsaya wa ƙaninsa da kuɗi da shaidu har suka cinye gonar wasu marayu a bayan gari. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

A kan maganar Amurka ra'ayina a fili yake: a riƙe makaman. Tun yaƙin 1967 Isra'ila ke riƙe da Gaɓar Yamma da Kogin Jodan da Gabashin Ƙudus da Tuddan Golan, tana ta gina matsugunai a kan gonakin mutane. A 2016 gwamnatin Obama ta yi alkawarin ba ta taimakon soja na dala biliyan 38 cikin shekara 10. A Disambar 2016 ɗin kuma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2334 cewa matsugunan nan sun saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. Amurka ba ta hau kujerar na-ƙi ba, amma kuɗin bai tsaya ba. A Yulin 2024 Kotun Duniya da ke Hague ta ce mamayar haramtacciya ce, kuma bai halatta wata ƙasa ta taimaka wajen ɗorewarta ba.

Masu kare taimakon suna cewa Isra'ila ƙawa ce, maƙiya sun kewaye ta, ba a guje wa aboki ranar wuya. To ai an taɓa riƙe mata hannu kuma abotar ba ta mutu ba. Shugaban Amurka Eisenhower ya matsa mata har ta fice daga Sinai a 1957. Bush babba ya jinkirta lamunin bashin dala biliyan 10 a 1991 saboda matsugunan. Ko Biden, a Mayun 2024, ya dakatar da jigilar manyan bama-bamai saboda shirin Isra'ila na kai farmaki birnin Rafah da ke Gaza. Mu nan Arewa maso Gabas ma mun ɗanɗana: a 2014, lokacin da Boko Haram ke ƙwace garuruwa, Amurka ta hana Najeriya jiragen yaƙi samfurin Cobra, ta kafa hujja da take haƙƙin ɗan Adam. Ashe sun iya cewa a'a idan sun ga dama.

Amma 'yan'uwana, babu wani a Washinton da zai karanta wannan rubutun. Mu ne za mu karanta, kuma mu nake nufi. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na wani.

Hujjar da muke jin haushi idan ta fito daga bakin Amurka, ita muke kafawa kullum a gidajenmu. Namu ne. Jinina ne. Maigidana ne a siyasa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da waɗannan kalmomi aka raba mata da yawa da gadon iyayensu a garin nan.

Alhaji, kai da ka san abokinka ya tura iyakar filinsa cikin na maƙwabci, ka ba shi bulo da siminti ya zagaye, me za ka ce wa Allah? Kai ɗan'uwa da aka kira ka kotu, ka san gaskiya sarai, ka rantse a kan akasinta saboda mai ƙarar ɗan ɗakinku ne, ina za ka kai wannan rantsuwar? Kai mai sa hannu a takardar fili, ka san an riga an sayar wa wata bazawara, ka sake sa hannu don an ba ka na goro. Kai mai biyan 'yan dabar Kalare su je su tsaya a bakin gona don kada masu ita su shiga, kai ka sayi addunan nan, ko da ba ka taɓa riƙe ɗaya ba. Har da ku iyayenmu mata, Allah Ya ƙara muku daraja, ina roƙonku: uwar da ta ga makami a ɗakin ɗanta ta ɗauke ta ɓoye masa a ƙarƙashin gado, ba ƙauna ta nuna masa ba. Na san zafin haihuwa ne ke sa haka, na sani. Amma wanda za a sara gobe shi ma wata ce ta haife shi.

Kuma ina jin kunyar yadda muke zaɓen zaluncin da za mu yi wa kuka. Idan na wanda muke ƙi ne, Facebook ya cika. Idan na wanda muke so ne, shiru. Mutanen Yammacin Sahara suna zaune a sansanonin gudun hijira tun bayan shigar Maroko ƙasarsu a 1975, su ma Musulmi ne, mu nawa muka taɓa ambatonsu a addu'a?

Duk mun haddace hadisin tun muna Islamiyya: ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, kuma taimakon azzalumi shi ne ka hana shi. Mun san wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci za a rataya masa shi har ƙasa bakwai ranar Alƙiyama. Taƙi ɗaya fa! To idan da gaske kana son ƙanin nan naka, yaya za ka taya shi ɗaukar wannan kaya? Ka bar shi ya yi fushi da kai. Ya daina gaishe ka, ya ce ka ci amanar zumunci, dangi su yi ta magana. Duk wannan mai sauƙi ne a kan tsayuwa gaban Allah da haƙƙin maraya a wuyanku ku biyu.

Ban ce mu daina yi wa Falasɗinawa addu'a ba, mu ƙara ma. Allah Ya kawo musu mafita, Ya riƙe hannun masu taimakon zaluncin da ake musu. Amma don Allah, don Allah, kafin ka sake rubuta wani abu a kan Amurka, ka duba wa kake ɗaure wa gindi. Ka same shi yau ka ce masa ka janye kuɗinka, ka janye shaidarka, kuma ya mayar wa mutane filinsu. Don girman Allah kada ka jira sai gobe.